BABI NA UKU: Tarihi da Farin Jinin Finafinan Ɗar-ɗar na Indiya, 1949 zuwa 1973

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi bayanin yadda sana'ar shirya fim ta kafu a ƙasar Indiya, tun daga fim ɗin Dadasaheb Phalke na 1913 zuwa Alam Ara na 1931, wanda shi ne na farko da aka ji magana da waƙa a cikinsa. A wannan babi kuwa za a dubi reshe ɗaya ne daga cikin finafinan harshen Hindi, wato waɗanda a wannan nazari aka kira finafinan ɗar-ɗar. Abin da ake nufi da su shi ne finafinan da aka gina zubinsu a kan wani sirri da aka ɓoye wa mai kallo, kamar wanda ya yi kisan kai, ko gaskiyar wata fatalwa, ko ainihin wani mutum da ake shakkar cewa shi ne, ta yadda mai kallo zai zauna cikin zullumi har zuwa lokacin da za a warware ƙullin. Sun bambanta da finafinan dodanni, sun kuma bambanta da na faɗa.

Akwai ra'ayin da ya yaɗu cewa waɗannan finafinai ba kome ba ne illa kwaikwayon littattafan Turawa da aka cusa wa waƙoƙi. Ra'ayin yana da ƙamshin gaskiya, domin da dama daga cikinsu an ɗauko ƙashin bayansu daga Ingila. To amma bai bayyana dalilin da ya sa suka karɓu ba, kuma wannan dalili shi ne abin da babin zai bi diddiginsa.

3.1 Mahal da Kafuwar Tsari

Kamfanin Bombay Talkies, wanda Himanshu Rai da Devika Rani suka kafa a 1934 a birnin Bambai (wanda aka sauya wa suna zuwa Mumbai a 1995), ya fara aiki ne da ƙwararru daga Jamus. Cikinsu akwai darakta Franz Osten da mai ɗaukar hoto Josef Wirsching. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939 sai hukumar Ingila ta tsare su. Osten ya koma gida, shi kuwa Wirsching ya ci gaba da zama a Indiya har ya rasu a 1967. Wannan Bajamushe shi ne ya ɗauki hoton Mahal a 1949, kuma ta hannunsa ne salon finafinan Jamus na wasa da duhu da inuwa ya shiga labarin fatalwa na Indiya.

Mahal, wato fada ko katafaren gida, shi ne fim na farko da Kamal Amrohi ya ba da umarni. Labarin wani saurayi ne, Hari Shankar (Ashok Kumar), da ya zo wani tsohon gida kusa da Allahabad cikin dare ana ruwa. Mai kula da lambun gidan ya ba shi labarin wasu masoya biyu da suka mutu shekaru da dama da suka wuce. Can sai ya ga hoton mai gidan na dā, ya ga kamarsu ɗaya sak. Agogo ya buga ƙarfe biyu, sai aka ji muryar mace tana waƙa, aka ga lilo yana kaɗawa. Daga nan hankalinsa bai sake kwanciya ba, har auren da aka yi masa don a raba shi da gidan ya ƙare da mutuwar matar da kuma gurfanar da shi a kotu. A gaban alƙali ne aka gano cewa fatalwar ba kowa ba ce illa Asha, 'yar mai lambun, wadda ta tashi a gidan masu arziki tana kallon abin da ba za ta samu ba, ta ga cewa a matsayin fatalwa kaɗai ɗan masu gida zai dube ta.

Madhubala, wadda ta fito a matsayin Asha, tana da shekara 16 ne a lokacin. Waƙar fatalwar kuwa, wadda Khemchand Prakash ya tsara wa kiɗa, Lata Mangeshkar ce ta rera ta, amma a jikin faifan garmaho sunan Kamini aka rubuta, wato sunan fatalwar. Sai da masu sauraron rediyo suka dinga aika wasiƙun tambaya sannan aka bayyana sunan mawaƙiyar.

Abin lura a nan shi ne, kusan dukkan tubalan da aka ci gaba da gini da su har shekara ashirin suna cikin wannan fim guda: tsohon gida, daren ruwa, hoton bango, agogo, mace mai waƙa da ba a cim mata, namiji mai ilimin zamani da hankalinsa ke neman gushewa, sannan bayani a ƙarshe da ke nuna cewa ɗan'adam ne ya kitsa kome.

3.2 Birni, Caca da 'Yan Sandan Ciki

Reshe na biyu ya tsiro ne a cikin gari. Tun a 1943 Ashok Kumar ya fito a matsayin ɓarawo a Kismet, fim ɗin da ya yi mako 187 ana nuna shi a silima ɗaya a Kalkata, wanda ya nuna wa masu shirya fim cewa 'yan kallo suna iya son tauraron da ba salihi ba ne. Bayan raba ƙasa a 1947, Bambai ta cika da 'yan gudun hijira da masu neman aiki, kuma wasu daga cikin waɗanda suka gina wannan reshe, irin su B. R. Chopra da Pran, daga Lahor suka taso. A 1949 gwamnatin lardin ta kafa dokar hana sayar da giya, lamarin da ya buɗe kasuwar ɓoye, ga kuma fasa-ƙwaurin zinariya ta teku. Saboda haka gidan rawa mai ɗakin caca a ƙarƙashin ƙasa, wanda ya zama ruwan dare a finafinan wannan zamani, yana da tushe a rayuwar birnin, ko da yake an ƙara masa gishiri.

Baazi na 1951, wanda kamfanin Navketan na Dev Anand da wansa Chetan Anand ya shirya, shi ne fim na farko na darakta Guru Dutt. Tauraronsa matashi ne marar aiki da ya shiga caca don ya biya kuɗin maganin ƙanwarsa, aka ɗora masa kisan da bai yi ba. Ubangidan 'yan cacar kuwa, ashe mahaifin budurwarsa ne, dattijon da gari ke girmamawa. Haka kuma a C.I.D. na 1956, wanda Raj Khosla ya ba da umarni, an kashe editan jarida ne don kada ya tona asirin wani attajiri mai kyauta da taimakon jama'a, sannan aka juya tuhuma a kan ɗan sandan cikin da ke binciken. A cikin finafinan biyu mugun mutum shi ne irin wanda Hausawa ke kira Musa a baki, Fir'auna a zuci. Ga talakan da ya biya kuɗin kujerar gaba, wanda ya ga 'yancin kai ya zo amma masu kuɗin jiya su ne masu kuɗin yau, wannan jigo ba ya buƙatar dogon bayani.

Salon hoton waɗannan finafinai, wato rigar titi da fitilar kan hanya da hayaƙin taba, ya yi kama da na finafinan laifi na Amurka na shekarun 1940. Amma akwai bambanci a ƙarshen labari. Tauraron Amurka yakan halaka ko ya rasa kome, na Bambai kuwa yakan wanke kansa ya auri budurwarsa, doka kuma ta yi halinta.

3.3 Mace Mai Farin Tufafi

Daga 1958 zuwa 1967 ne reshen fatalwa ya kai ƙololuwa, kuma a nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan amsar tambayar wannan babi take.

Madhumati na Bimal Roy (1958), wanda Ritwik Ghatak ya rubuta labarinsa, shi ne ya fita daban. Wani mai gandun katako, Ugranarayan (Pran), ya yi sanadin mutuwar wata 'yar ƙauye. Masoyinta (Dilip Kumar) ya samo wata mai kama da ita, suka shirya ta fito a matsayin fatalwa don mai laifin ya firgita ya amsa laifinsa. Shirin ya yi nasara, sai dai bayan an gama ne mai kamar ta iso tana ba da haƙurin makara. Ke nan wadda ta yi maganar fatalwar gaske ce. Fim ɗin ya ci kyaututtukan Filmfare 9, kuma wannan ƙulli ya yi ƙarfin da har a 2007 aka sake amfani da shi a Om Shanti Om.

Sauran kuwa sun bi tafarkin Mahal. Bees Saal Baad na 1962, wato bayan shekara ashirin, wanda mawaƙi Hemant Kumar ya ɗauki nauyi, Biren Nag ya ba da umarni, an ɗauko shi daga The Hound of the Baskervilles na Arthur Conan Doyle ta hanyar wani fim ɗin Bengali mai suna Jighansa. Idan aka kwatanta littafin da fim ɗin za a ga inda gizo ke saƙa. A littafin, ƙaton kare ne ke bin zuriyar gidan, kuma mai kisan ɗan dangi ne mai kwaɗayin gado. A fim ɗin an cire karen ɗungurungum, an maye gurbinsa da muryar mace da ƙarar awarwaron ƙafa a cikin fadama. Dalilin kisan ma ya sauya: wani basaraken ƙauye ne ya yi wa yarinya fyaɗe ta kashe kanta, mai kisan kuma mahaifinta ne, wani mai maganin gargajiya da kowa ya amince da shi. Wato labarin gado na Ingila ya koma labarin zalunci da ramuwa. Wanda ya kira wannan kwaikwayo zalla bai duba abin da aka zubar da abin da aka zuba ba.

Akwai dalilin tarihi da ya sa tsohon gida ya dace da wannan zamani. Tun daga 1950 jihohin Indiya, ciki har da Uttar Pradesh, suka riƙa kafa dokokin rushe tsarin zamindari, wato na manyan masu ƙasa da ke karɓar haraji daga manoma, sannan a 1971 aka soke kuɗin da gwamnati ke biyan tsofaffin sarakuna. Gidajen irin waɗannan mutane sun fara zama kufai a idon jama'a. Magajin da ya dawo daga birni da kwat da ilimin boko ya tarar da ƙura da tsohon bara da laifin kakansa, hoto ne da ɗan kallo na 1962 ya san irinsa.

Raj Khosla ya yi finafinai uku da jaruma Sadhana a kan wannan jigo: Woh Kaun Thi? (1964), Mera Saaya (1966) da Anita (1967). Na farkon, wato wace ce ita, yana da buɗewar da har yau ake misali da ita. Wani likita yana tuƙi cikin dare ana ruwa, ya ga mace da farin tufafi a tsakiyar hanya, ya ɗauke ta. Tana shiga mota sai abin share gilashi ya tsaya cak. Ta ce ita tana ganin hanya, ta yi masa jagora har ƙofar maƙabarta, ta sauka, ƙofar ta buɗe da kanta. Daga baya ya ga gawar wannan mace, daga baya kuma aka kawo masa ita a matsayin amarya. A ƙarshe an bayyana cewa an bar masa gado ne bisa sharaɗin yana da cikakken hankali, shi ya sa wani ɗan'uwansa ya yi amfani da 'yar biyun matar don ya haukata shi. Gaskiyar magana ita ce bayanin bai rufe dukkan ramukan da fim ɗin ya haƙa ba, kuma bai kai buɗewar ƙarfi ba. Duk da haka fim ɗin ya karɓu, abin da ke nuna cewa ba don ingancin warwara kaɗai ake zuwa kallo ba.

To me ake zuwa nema? A nan ne matsayin waƙa ya fito. Masu sukar finafinan Indiya sukan ce waƙa tana katse labari, kuma a finafinai da yawa haka ne. Amma a labarin fatalwa waƙar ita ce fatalwar. Ana rera ta tun farko, sannan a riƙa dawo da gutsurenta duk lokacin da wani abu zai faru, har mai kallo ya koyi jin faɗuwar gaba da zarar ya ji sautin farko. Aikin da haushin kare ya yi a littafin Conan Doyle shi muryar Lata Mangeshkar ta yi a Mahal da Madhumati da Bees Saal Baad da Woh Kaun Thi? da Gumnaam. Bambancin shi ne haushi kora yake yi, ita kuwa muryar kira take yi. Tauraro yana tsoro amma yana bin ta, mai kallo ma haka. Bugu da ƙari, waƙar tana riga fim ɗin isa gidajen mutane. Lokacin da ministan yaɗa labarai B. V. Keskar ya taƙaita waƙoƙin fim a rediyon gwamnati a 1952, jama'a sun koma sauraron Rediyon Silon, inda Ameen Sayani ke gabatar da shirin Binaca Geetmala, har gwamnati ta buɗe tashar Vividh Bharati a 1957. Saboda haka mutum yakan shiga silima da waƙar a bakinsa, yana son ya ga mai ita.

Wannan ya kuma warware wata matsala da finafinan sirri ke fama da ita a ko'ina, wato wanda ya san ƙarshe ba ya komawa. Fim ɗin Hindi yana cin riba ne idan mutum ya kalla sau biyu ko uku, kuma waƙa ce ke mayar da shi.

3.4 Kotu, Launi da Yaudarar Mai Kallo

Akwai waɗanda suka gwada akasin haka. Kanoon na B. R. Chopra (1960), wato doka, ba shi da waƙa ko ɗaya. Wani lauya ne ya ga surukinsa na gobe, wanda alƙali ne, yana kashe mai ba da bashi da ruwa, sai ga shi an kawo wani ɓarawo gaban wannan alƙalin ana tuhumarsa da kisan. A ƙarshe aka gano wani mai kama da alƙalin ne ya yi aikin. Manufar fim ɗin ita ce tambayar ko ya halatta a rataye mutum bisa shaidar ido guda. Ya zo ne a lokacin da shari'ar Nanavati, hafsan sojan ruwan da ya harbe kwarton matarsa a 1959, ta sa jama'a bin labarin kotu a jaridu kamar wasan ƙwallo. Ƙanen Chopra, wato Yash Chopra, ya maimaita gwajin a Ittefaq na 1969, labarin dare ɗaya a gida ɗaya tsakanin wanda ya tsere daga asibitin mahaukata da wata matar aure da ke ɓoye abin da ya fi nasa muni. Amma irin waɗannan ba su da yawa.

Da launi ya shigo sai duhu ya ragu, ƙyale-ƙyale ya ƙaru. Gumnaam na 1965 ya ɗauko labarin Agatha Christie na mutanen da aka tara a tsibiri ana kashe su ɗaya bayan ɗaya, sai dai barkwancin Mehmood da raye-rayen bakin teku sun sassauta zullumin fiye da kima. Wanda ya iya haɗa launi da sirri shi ne Vijay Anand, ƙanen Dev Anand, a Teesri Manzil (1966) da Jewel Thief (1967). A na biyun kowa yana ce wa tauraro shi ne Amar, gawurtaccen ɓarawon lu'ulu'u, har wata ta ce shi ne saurayinta, har aka sa ya cire takalmi a bainar jama'a don a ƙirga yatsun ƙafarsa, domin an ce Amar shida gare shi. Labarin ya kai su har Sikkim, wadda a lokacin masarauta ce mai sarkinta kafin ta zama jihar Indiya a 1975. Ashe babu wani Amar a duniya. Ɓarawon shi ne wanda ya fito a matsayin yayan budurwar, kuma Ashok Kumar ne ya hau matsayin, mutumin da 'yan kallo suka shekara talatin suna ganinsa a matsayin jarumi da dattijon kirki. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Dabarar ta dogara ne kacokan a kan sabon da mai kallo ya yi da fuskokin 'yan wasa, domin a silimar Hindi da zarar an ga Pran an san mugu ya iso. Irin wannan yaudara ba a samo ta daga wani littafin Turanci ba.

Bayan Dhund na 1973 reshen ya ja baya. A wannan shekarar ce Zanjeer ya fito da Amitabh Bachchan a matsayin fusataccen matashi, kuma a irin labarinsa an san mugu tun farko, abin jira kawai shi ne ranar ramuwa. Tsohon gida da maƙabarta kuma sun koma hannun 'yan'uwan Ramsay, waɗanda tun daga 1972 suka riƙa nuna dodon ƙiri-ƙiri. Sirri ya sake ɗagowa daga baya a finafinai irin su Gupt (1997), Kahaani (2012) da Andhadhun (2018), amma ba tare da mace mai waƙa a cikin hazo ba.

3.5 Mai Kallon da Ba Ya Jin Hindi

Tun daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya Kano da sauran biranen Arewa, kuma yawancin 'yan kallo ba sa jin harshen. Ga irin wannan mai kallo, fim ɗin ɗar-ɗar yana da sauƙi ta wata fuska, yana da wuya ta wata. Sauƙin shi ne rabin aikinsa sauti da hoto ne: ƙarar ƙofa, bugun agogo, inuwa a bango. Haka kuma macen da ake gamuwa da ita a hanya da tsakar dare ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi da labaran aljanu da fatalwa, ko da yake aƙidar sake haihuwa bayan mutuwa da ke cikin Madhumati ba ta cikin addininsa. Akwai kuma taimakon kalmomi, domin harshen waɗannan finafinai cike yake da Urdu, wanda ya ari Larabci kamar yadda Hausa ta ara. Kotu a bakinsu adalat ce, lauya wakil ne, ga hukum da duniya da kabar, waɗanda kunnen Bahaushe ke kamawa nan take.

Wuyar kuwa tana ƙarshe. Warwarar ƙulli a Mahal da Kanoon da Woh Kaun Thi? doguwar magana ce da mutum ɗaya ke yi a gaban alƙali ko 'yan sanda, babu faɗa, babu rawa. Wanda ya fahimci Mother India na 1957 daga farko har ƙarshe ba tare da tafinta ba, a nan sai ya jingina da na kusa da shi wanda ya taɓa kallo, ko ya jira a fito a yi musu a bakin ƙofa. Sai a shekarun 2010, da aka fara ɗora wa finafinan Indiya muryoyin Hausa, wannan shinge ya kau, kuma yadda masu fassarar ke sarrafa jawabin warwara shi ne abin da babi na huɗu zai nazarta.